Tunani da aikin siyasa: amsa ga ɗalibin da 'yan fadarsu suka sa gaba

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana shekara ta biyu a iniversite nan Damagaram, kana cikin ƙungiyar ɗalibai, kuma 'yan fadarku sun sa ka gaba wai ku 'yan filozofi ba ku da aiki sai surutu, ga ƙasa cike da matsala kuna zaune kuna karanta turawan da suka mutu tun kafin a haifi kakanninku, har wani ya jefo maka maganar Karl Marks cewa masana falsafa fassara duniya kawai suka yi alhali abin da ake so shi ne a canza ta. Shi ne kake so in gaya maka tsakani da Allah mene ne haɗin tunani da aikin siyasa a wurin masanan zamani, ko dai ka ajiye littafi ka shiga fili.

To mu fara da Marks ɗin tunda shi suka ɗauko suka yi sanda da shi. Maganar tasa ce, ba a yi masa ƙage ba. Ya rubuta ta a 1845 cikin kayensa, ita ce ta goma sha ɗaya cikin wasu gajerun bayanai da ya yi a kan Foyabak, wani masanin falsafa na Jamus, kuma shi da kansa bai taɓa buga su ba, abokinsa Engels ne ya fitar da su a 1888, shekara biyar bayan rasuwarsa. Amma ka tambayi mai jefo maka maganar me Marks ya yi bayan ya rubuta ta. Ya koma Landan a 1849, ya shafe shekaru a ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya yana ta bin rahotannin masu binciken masana'antu da littattafan tattalin arziki, sai a 1867 kashi na farko na babban littafinsa kan jari ya fito. Wato mutumin da ya ce a canza duniya ya yi shekara 22 kafin ya yarda ya gane yadda take tafiya har ya buga. Ya yi siyasa kam, yana cikin waɗanda suka ja ƙungiyar ma'aikata ta duniya da aka kafa a 1864, amma karatun bai taɓa ajiye shi ba.

Wanda Marks yake harara a zahiri shi ne Hegel, babban masanin falsafar Jamus da ya gabace shi, da almajiransa. Hegel ya ce a gabatarwar littafinsa kan shari'a da ƙasa cewa mujiyar hikima ba ta tashi sai magariba ta yi (su can mujiya alamar ilimi ce, ba kamar mu da muke jifanta ba), ma'ana filozofi kullum a makare take zuwa, sai abu ya gama faruwa sannan take gane shi, don haka ba aikinta ba ne ta gaya wa ƙasa yadda ya kamata ta zama. Marks ya ce a'a, tunani ba daga sama yake faɗowa ba, daga yadda mutane suke aiki da ci da sha yake fitowa, kuma a aikace ake gane gaskiyarsa. Har nan ina tare da shi. Inda abin ya ɓaci shi ne da magadansa suka ɗauka cewa sun riƙe ilimin tarihi a hannu, sun san inda duniya ta dosa. Lenin ya rubuta a 1902 cewa ma'aikata su kaɗai ba za su kai ga cikakkiyar wayewar juyin juya hali ba sai an kawo musu ita daga waje, wato daga jam'iyya. Da zarar ka yarda akwai 'yan tsirarun da suka san hanya, to duk wanda ya ce bai yarda ba ya daina zama abokin muhawara, ya zama dutse a kan hanya, kuma abin da ya faru a Rasha ƙarƙashin Stalin a 1937 da 1938 ya nuna yadda ake yi da duwatsun.

Wannan cuta ta girmi Marks nesa ba kusa ba. Tun da mutanen Atina suka yanke wa Suƙrat hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, almajirinsa Aflaton ya yanke ƙauna da taron jama'a, ya ce gari ba zai gyaru ba sai masana sun zama sarakai ko sarakai sun zama masana. Ya je har birnin Sirakus a tsibirin Sisili don ya koya wa sarkin can mulki, ya dawo ba riba.

Wadda ta fi kowa tona wannan magana a ƙarni na 20, a ganina, ita ce Hanna Arent. Bayahudiya ce 'yar Jamus, an haife ta a 1906, ta gudu daga ƙasar a 1933 da 'yan Nazi suka hau mulki, ta isa Amurka a 1941. A littafinta na 1958 ta raba abin da ɗan Adam yake yi gida uku, akwai wahalar neman abinci da ba ta ƙarewa, yau ka ci gobe ka sake nema, akwai ƙira wato yin abu mai ɗorewa, sannan akwai aikin da ake yi tsakanin mutane da magana da shawara, wanda shi ne siyasa. Ta ce kuskuren masana tun daga Aflaton shi ne sun ɗauki siyasa kamar ƙira. Dubi magini, yana da zanen gidan a kansa ko a takarda kafin ya sa bulo ɗaya, kuma bulo ba ya musu, inda aka aje shi nan zai zauna, in ya yi tsawo a sare shi. Masani ya saba da haka saboda a ɗakinsa shi kaɗai yake, tunaninsa yana bin umarninsa. Sai ya fito fili ya tarar mutane suna da baki, kowa da inda yake tsaye yake hango abin, kuma kowa na iya fara wani abu da ba a zata ba, shi kuma yana riƙe da zanensa yana jin ai gaskiya a hannunsa take, to daga nan zuwa sara ba nisa. Shi ya sa a hirar da aka yi da ita a talabijin ɗin Jamus a 1964 ta ƙi a kira ta masaniyar falsafa, ta ce ita nazarin siyasa take yi.

Kuma ba daga littafi kaɗai ta koyi wannan ba. Malaminta Martin Haidega, wanda littafinsa na 1927 ya girgiza duk masu karatun filozofi a Turai, ya karɓi shugabancin jami'ar Firaibug a Afrilun 1933, ya shiga jam'iyyar Nazi a farkon Mayu, ya sauka daga shugabancin bayan shekara guda amma katin jam'iyya na hannunsa har 1945. Mutum mai zurfin tunani irin wannan fa. Don haka in wani ya ce maka yawan karatu na kare mutum daga bin azzalumi, ka ambata masa Haidega. Ita Arent da ta zo yi masa rubutun cika shekara 80 a 1969 ta kwatanta abin da tafiyar Aflaton Sirakus, kamar kuskuren masani ne da ya ɓata hanya na ɗan lokaci, ni kam ina ganin ta yi masa sassauci da yawa, tsohuwar alaƙa ce ta yi aiki.

To sai ɗaya gefen, wanda 'yan fadarku ya kamata su ji. A 1961 Arent ta je Birnin Ƙudus kallon shari'ar Adolf Aikman, jami'in da ya tsara jigilar Yahudawa a jiragen ƙasa zuwa sansanonin kisa, wanda aka kamo daga Ajantina a 1960. Ta ce ta zaci za ta ga dodo, sai ta ga ma'aikacin ofis da ba ya iya magana sai da haddatattun kalmomi na gwamnati, umarni aka ba ni, aikina na yi, kuma ko kaɗan ba ya iya kallon abu daga inda wani yake tsaye. Ta ce abin da ya rasa ba wayo ba ne, tunani ne, wato tsayawa ka tambayi kanka me nake yi haka, kuma zan iya zama da kaina bayan na yi shi? Gaskiya masu tarihi da suka zo daga baya, da suka saurari hirarrakin da aka naɗa da shi a Ajantina, sun nuna Aikman ya fi yadda ta zata ƙin Yahudawa, a kotu wasan kwaikwayo ya yi mata da sauran jama'a. Amma ko da ta yi kuskure a kan mutumin, ba ta yi kuskure a kan dubban masu sa hannu a takarda da masu tuƙa jirgi da masu riƙe rajista ba, waɗanda ba don su ba abin ba zai yiwu ba. Duk mutanen aiki ne, ba wanda zai ce musu 'yan surutu.

Ka ga ke nan an samu matsala biyu, ga mai tunani shi kaɗai ya faɗa rami, ga mai aiki ba tunani ya faɗa ramin da ya fi zurfi. Abin da Arent ta ƙare rayuwarta tana nema shi ne gadar da ke tsakani, kuma a wurin Kant, masanin falsafar Jamus na ƙarni na 18, ta je nemanta. Kant a littafinsa na 1790 ya yi maganar wani irin tunani mai faɗi, wato kafin ka yanke hukunci a kan abu ka zagaya da hankalinka ka tsaya inda wasu suke tsaye, ba don ka bar ra'ayinka ka ɗauki nasu ba, don hukuncin da za ka fitar ya zama wanda za ka iya kare shi a gabansu. Tun a 1784 ma ya ce hafsan soja a bakin aiki dole ya bi umarni, amma ba a isa a hana shi rubuta wa jama'a abin da yake gani ba daidai ba a tsarin aikin soja, saboda hankali ba ya girma a ɓoye. Arent ta rasu a Disambar 1975 da takardar farko ta littafin da za ta rubuta kan yanke hukunci a cikin keken rubutunta, take kawai ta buga da 'yan layuka na buɗewa.

Bari in sauko da maganar ƙasa don kar ta zama ta iska. Kai ɗan Damagaram ne, ba sai na ba ka labarin ruwa ba. Wata bazara a unguwarmu pampo ɗaya ne ke kawo ruwa, shi ma sai tsakar dare, bido a jere tun daga bakin pampon har kwana, kullum sai an yi faɗa. Aka kira taro a ƙofar mai unguwa bayan la'asar. Wani saurayi mai digiri, yaron kirki wallahi, ya zo da takarda ya tsara komai, kowane gida lamba, kowane gida bido biyu, a bi layi, kuma in ka duba a takarda ba abin da ya fi wannan adalci. Sai wata dattijuwa mai suyar ƙosai ta ce gidanta ya fi mutum goma, maƙwabcinta shi da matarsa ne kawai, yaya za a ce bido biyu biyu. Wani ɗan garuwa da ke raɓe a gefe ba a ma gayyace shi ba ya ce to shi fa, da wannan pampon yake ci da iyalinsa. Liman ya tuno da gidajen da mazan suka tafi ci-rani, matan ba za su fito ƙarfe uku na dare ba. Saurayin nan ransa ya ɓaci, yana ta buga takardar da bayan hannu yana cewa ai lissafi ne, lissafi ba ya ƙarya. Abin da aka tashi da shi a ƙarshe ba wanda ya zo da shi daga gida, an ƙidaya kawuna maimakon ƙofofi, an bar wa 'yan garuwa wani lokaci da sharaɗin su kai wa gidajen da ba maza a farashi mai sauƙi. Ba don takardarsa ba da hayaniya kawai za a yi a watse, ita ta ba mutane abin da za su yi musu a kansa, amma da yana da ikon tilasta ta yadda ya rubuta ta da an cuci rabin unguwa da sunan adalci.

A nan ne kuma nake rabuwa da Arent. A littafinta na 1963 kan juyin juya hali ta nuna cewa maganar talauci da abinci in ta shigo fagen siyasa tana lalata shi, wai abin da ya ɓata juyin Faransa ke nan. Mai zama a New York zai iya faɗin haka. Mu nan in ka cire ruwa da hatsi da kuɗin makaranta daga siyasa ban san me ya rage ba. Amilkar Kabral na Gine Bisau ya fi ta gane wannan, kuma shi misali ne da ya kamata ka riƙe. Injiniyan noma ne, a 1953 ya zagaya ƙasarsa lungu-lungu yana ƙidayar gonaki wa gwamnatin Fotugal, a nan ya san wace ƙabila ce ke da sarakai wace ce ba ta da su, wa ke noman gyaɗa wa ke noman shinkafa, kuma da wannan sanin ya tsara gwagwarmayarsa. Shi ne ya riƙa gaya wa mutanensa cewa jama'a ba don ra'ayin da ke kan wani suke faɗa ba, don su rayu cikin sauƙi da zaman lafiya ne su ga 'ya'yansu sun ci gaba, amma shi ɗin dai ya tsaya a Habana a 1966 ya ce nazari makami ne. Fanon ma haka, likitan ƙwaƙwalwa ne a asibitin Bilida ta Aljeriya daga 1953, abin da ya gani a jikin marasa lafiya shi ya sa ya ajiye aiki a 1956 ya bi masu neman 'yanci, kuma littafinsa na 1961 ya hango yadda 'yan bokon da za su gaji turawa za su zauna a kujerun su ci gaba da abin da aka bari. Nkuruma ya faɗi magana mai kyau a 1964, cewa aiki ba tunani makaho ne tunani ba aiki fanko ne, amma a shekarar ce dai ya mai da Gana ƙasa mai jam'iyya ɗaya, a 1966 soja suka kifar da shi. Iya faɗin maganar ba ya nufin an tsira daga ramin.

Kar ma ka ɗauka muhawarar ta turawa ce. Imamu Gazali ya gaya wa almajirinsa cewa ilimi ba aiki hauka ne, aiki kuma ba ilimi ba ya yiwuwa. Abdullahi ɗan Fodiyo, 'yan shekaru kaɗan bayan fara jihadin 1804, ya ga yadda neman mulki da dukiya ya shiga cikin jama'ar, ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi har ya rubuta musu littafi kan yadda ake mulki. Shehu Laminu na Barno kuma, wadda Damagaram ke ƙarƙashinta a lokacin, ya yi ta aika wa Sakkwato wasiƙu yana tambaya da wace hujja kuke yaƙarmu, saɓo ai ba kafirci ba ne, Muhammadu Bello yana ba shi amsa, ya ma adana wasiƙun a littafinsa. Malamai ne da takobi a hannu suna jin dole su kare abin da suke yi a gaban wanda bai yarda ba.

Maks Weba, masanin zamantakewa ɗan Jamus, ya ƙara wani abu da nake ganin ɗan ƙungiya irinka ya fi bukata. A Janairun 1919 ya yi wa ɗalibai lacca a Munik, lokacin Jamus ta sha kaye a yaƙi gari ya rikice, ya ce masu shiga siyasa iri biyu ne, akwai mai cewa ni dai na tsaya kan aƙidata, abin da ya biyo baya ba ruwana, laifin duniya ne, akwai kuma mai cewa duk abin da aikina ya haifar wanda ya kamata in hango shi a wuyana yake. Bai ce a zubar da aƙida ba, ya ce ɗan siyasa na gaske sai ya haɗa biyun. Ka duba tarihinmu na kusa. Bayan kisan ɗalibai a gadar Kenedi ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka matsa har aka yi babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991, wanda Farfesa Andire Salifu, ɗan garin nan da iniversitenku ke ɗauke da sunansa, ya shugabanta. Ban san wani lokaci da tunani da aiki suka haɗu a ƙasar nan kamar wannan ba, malamai da 'yan sandika da ɗalibai suna magana a fili. Aka yi kundin tsarin mulki a Disambar 1992 mai raba iko tsakanin shugaban ƙasa da firaminista irin na Faransa, Mahamman Usman ya ci zaɓe a 1993, a 1995 'yan adawa suka samu rinjaye a majalisa Hama Amadu ya zama firaminista, aka shiga ja-in-ja kan wa ke da ikon me, har soja suka karɓe ranar 27 ga Janairun 1996. Masu ilimi ne suka rubuta kundin, niyyarsu kuma mai kyau, amma tambayar Weba, in shugaban da firaministan suka ƙi jituwa fa me zai faru, ba ta samu amsar da ta isa ba.

Saura maganar matsin da abokanka ke maka, don shi ma an yi shi a tarihi. Teyodo Adono na Farankfot shi ne ya koya wa ɗaliban Jamus sukar tsarin jari, da suka tashi bore a 1968 suka ce to malam fito mu tafi, ya ƙi, ya ce yawancin abin da suke yi motsi ne kawai don a ji ana yin wani abu, kuma mai hana ka tsayawa ka yi tunani da sunan gaggawa shi ma wani irin danniya yake maka. A Janairun 1969 suka mamaye cibiyarsa ya kira musu 'yan sanda, abokinsa Markuze ya rubuto masa daga Amurka cewa wannan kam bai yarda da shi ba, suna cikin musayar wasiƙu Adono ya rasu a Agustan shekarar. Ni a ganina Markuze ya fi shi gaskiya a kan kiran 'yan sanda, shi kuma Adono ya fi gaskiya a kan matsin.

Don haka ban ce ka fita daga ƙungiya ba, zauna ciki, ɗan filozofin da bai taɓa zama taron da aka ƙi maganarsa ba bai san rabin abin da yake karantawa ba. Amma ranar da aka tashi za a kira yajin karatu kowa ya ɗau zafi, kai ne ya kamata ka ɗaga hannu ka tambaya me muke nema takamaimai, wa zai zauna teburin shawara, me za a ba mu mu ce ya isa mu koma aji. Za a ce maka matsoraci, wataƙila ma a ce an saye ka. Ka tambayi yayyenka da suka yi karatu a shekarun 1990 lokacin da shekara sukutum ke tafiya a banza ba jarrabawa, su gaya maka wa abin ya fi ci, ɗan mai hali da aka ɗauka aka tura Maroko ko Kwatano ya ƙarasa, ko yaron da ya taho daga wani ƙauyen Tanut ko Gure wanda babansa ya sayar da akuya ya yi masa kuɗin mota.